Ƴan Tsana da Zullumin Fari: Nazari bisa Majigin Mustafa Alasan

1. Gabatarwa

A shekarar 2021 mujallar The Lancet Planetary Health ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan matasa 10,000, masu shekara 16 zuwa 25, a ƙasashe goma. Kashi 59 cikin 100 nasu sun ce sauyin yanayi yana damunsu ƙwarai, kashi 75 kuma sun ce in sun hangi gaba abin tsoro suke gani. Nijeriya tana cikin ƙasashen goma, Nijar ba ta ciki. Wannan damuwa ita ce Faransawa suke kira éco-anxiété, kuma a Turai da Amurka akwai masu majigi da suke ƙera ƴan tsana da hannu, suna ɗaukar hotonsu ɗai-ɗai, don su bayyana ta.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba ko irin wannan majigi yana da amfani ga masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci a ƙasar Hausa. Ba sai an je nesa neman misali ba, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka ɗan Nijar ne, wato Mustafa Alasan, wanda ake rubuta sunansa Moustapha Alassane. Ya yi majigi a kan fari da ƴan wasa mutane, ya kuma yi majigin ƴan tsana a kan wasu batutuwa. Abin da za a nuna shi ne, haɗa waɗannan gadon biyu nasa zai iya ba da majigin da ya dace da halin da manoma da makiyaya suke ciki, amma da sharaɗin a fara daidaita maganar harshe kafin a taɓa kamara.

2. Mai sana'ar da ayyukansa

An haifi Mustafa Alasan a 1942, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Makaniki ne da farko, kuma tun yana yaro yakan yanka kwali ya haska shi da fitila, ya nuna wa mutane inuwa tana motsi. A cibiyar bincike ta Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, ya haɗu da Jean Rouch, ya koyi aikin kamara; daga nan ya tafi Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren a hukumar majigi ta ƙasar. Ya yi Aouré a 1962, La Mort de Gandji a 1965, sannan Bon voyage Sim a 1966, wanda zane ne na minti kaɗan a kan shugaban wata jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. A 1977 ya fito da Samba le grand, labarin jarumin da gimbiya ta ɗora wa jarrabawa bayan jarrabawa, kuma da ƴan tsana ya yi shi. Daga baya ya yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya da wasu dabbobi suke kokowa a fage. Ya shugabanci sashen majigi na Jami'ar Yamai shekaru da dama, sannan ya zauna a Tawa, can ya kafa ɗakin aikinsa.

Mai nazarin harshe zai lura da sunayen nan. Aouré da Kokoa kalmomin Hausa ne, aure da kokowa, amma an rubuta su da ƙa'idar Faransanci. Sauran kuwa Faransanci ne tsantsa. Wannan yana nuna halin da sana'ar ta tashi a ciki: labarin na gida ne, amma kuɗin aiki da wurin wanke fim da manyan bukukuwan nuna majigi galibi a waje suke, saboda haka suna yakan fuskanci baƙo.

3. Toula: fari da ƴan wasa mutane

Daga 1968 zuwa 1974 an yi babban fari a yankin Sahel, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. A Nijar yadda aka tafiyar da cimakar agaji yana cikin dalilan da aka bayar na juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. A wajen wannan lokaci ne Toula ou le génie des eaux ya fito, wanda Alasan ya yi tare da Anna Soehring bisa wani labari da Bubu Hama ya rubuta. An yi fari, sarki ya kira boka, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Aka zaɓi Tula. Saurayin da yake sonta ya tafi neman ruwa don ya cece ta, ya samu, ya komo da albishir, amma ya tarar ta riga ta ɓace cikin tabki.

Ana iya kushe wannan majigi ta fuska ɗaya: ya ɗora sanadin fari a kan fushin aljani, kuma bai bar wa mai kallo wata ƙofar fita ba. Malamin yaƙi da jahilci da ya nuna shi a ƙauye ba tare da tattaunawa ba zai bar mutane da juyayi kawai. Amma in an duba tsarin labarin za a ga abu biyu da har yanzu ba su tsufa ba. Na farko, lokacin da ruwa ya ƙare, masu iko su ne suka yanke shawara, wadda ba ta da ta cewa kuma ita ce ta biya. Na biyu, maganin yana nan, an kuma same shi, sai dai ya iso a makare. Ƙarfin labarin duka yana cikin tazarar da ke tsakanin tafiyar saurayin da komowarsa. Wannan tazara, ta jira cikin rashin sani, ita ce ainihin abin da ake son majigin yau ya kama.

Inda Toula ya gaza shi ne inda duk majigin mutane yake gazawa a kan yunwa. Ɗan wasa mai ƙoshi ba zai rame don kamara ba, ɗaukar hoton mai yunwa na gaskiya kuma cin mutunci ne, kamar yadda hotunan agaji na 1973 da 1984 suka nuna wa duniya mutanen Sahel tsirara ba suna. A nan ne ƴar tsana take da fifiko.

4. Yadda ake aikin, da abin da hannu yake ƙarawa

Hanyar mai sauƙin bayani ce, wuyarta a haƙuri take. Ana kafa kamara wuri guda, ba ta motsi. Ana ƙera ƴar tsana da ƙashin waya ko na icce, a rufe shi da ƙyalle ko fata ko laka. A ɗauki hoto ɗaya, a gusa hannun ƴar tsanar kaɗan, a sake ɗauka, haka har motsin ya cika. Majigi yana tafiya da hoto 24 a sakan ɗaya. Masu ƴan tsana sukan ɗauki 12, kowane a nuna shi sau biyu. Ke nan majigin minti 10 yana bukatar hoto 7,200. Mutumin da yake ɗaukar 120 a wuni ya sami sakan 10, kuma sai ya yi kwana 60 kafin ya gama ɗauka kaɗai, ban da ƙira da murya da haɗawa. A zamanin Samba le grand ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke fim. Yanzu wayar salula tana nuna hoton da ya wuce bisa wanda za a ɗauka, saboda haka kuskure yana bayyana nan take.

Ƙasar Hausa tana da nata matsaloli a wannan aiki. Rana tana gusawa tsakanin hoto da hoto, inuwa ta yi ta tsalle, don haka dole a yi aiki a ɗaki rufe da fitila. In wuta ta ragu ko ta ɗauke, hasken hotuna ya bambanta, majigin ya yi ta ƙyaftawa. Ƙurar hunturu tana sauka kan kaya, zafin fitila kuma yana busar da laka har ta tsage a tsakiyar aiki. Mai majigi a Turai zai ɗauki waɗannan a matsayin aibi. Ga wanda yake ba da labarin fari, wasu daga cikinsu kayan aiki ne. In aka shimfiɗa taɓon tabki a faranti, aka riƙa ɗaukar hoto ɗaya bayan kowane minti kaɗan har ya bushe, mai kallo zai ga ƙasa tana darewa a gabansa cikin sakan goma, abin da manomi yake gani cikin mako biyu. Ruwa shi ne abu mafi wuyar motsawa a wannan sana'a, ana kwaikwayonsa da leda ko gilashi. Labarin fari kuwa rashin ruwan ne jigonsa.

Akwai misali daga Kanada da ya dace a ambata. A 1977, shekarar Samba le grand, Co Hoedeman ya yi Le Château de sable, inda wasu halittu na rairayi suka gina gari, iska ta taso ta binne shi. Ba a furta kalma ko ɗaya a ciki, kuma ya sami lambar Oska. Mutumin Gure ko Maine-Sorowa, wanda ya san tudun rairayi yana cin gona da kwari, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane shi.

Abu na biyu da ƴar tsana take bayarwa shi ne tazara irin ta tatsuniya. Tatsuniyoyi da yawa suna farawa da cewa an yi yunwa a gari, sannan Gizo ya shiga dabara. Yara suna dariya, amma sun ji maganar yunwa ba tare da an nuna gidan kowa ba. Kwaɗon Alasan yana cikin wannan layi. Da shi ya yi wa shugabanni ba'a a 1966, da shi ya kwaikwayi kokowar gargajiya, wadda gasarta ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975. Kwaɗo kuwa dabbar damana ce: da rani ba a ganinsa, kukansa da dare shi ne shaidar ruwa ya zauna. Garin kwaɗi da suka taru bakin busasshen tabki suna jiran hadari labari ne da kowane yaro zai fahimta, kuma ba wanda zai ce da shi ake.

Bugu da ƙari, sana'ar ba baƙuwa ba ce ga hannun Bahaushe. Akwai ɗiyan dabo, inda mai wasa yake ɓuya ƙarƙashin riga ko zane, ya fiddo ƴan tsana, ya sake murya. Akwai shanu da raƙuma da yara suke ginawa da yumɓu, da motocin kara. Kamara kawai aka ƙara.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Fuskar ƴar tsanar icce ko ƙyalle ba ta canzawa, tafiyarta kuma da ɗan tsalle-tsalle, abin da yake jawo dariya. A Kokoa wannan riba ce, tun da raha ake nema. A labarin fari dariya tana iya kashe maganar in ba a auna ta ba. Abin da fuska ta kasa faɗi, murya ce za ta faɗe shi, shi ya sa nauyin aikin yake komawa kan harshe.

5. Maganar suna

Wanda zai rubuta muryar irin wannan majigi da Hausa zai ci karo da kalma uku.

Ta farko ita ce yanayi. Faransanci ya raba temps, halin sama na yau da gobe, da climat, halinta na shekaru masu yawa. Hausa tana kiran su duka yanayi, har da halin mutum da halin gari. Saboda haka in an ce sauyin yanayi, mai sauraro yana iya ɗauka fitar ɗari da shigar bazara ake nufi, abin da yake faruwa kowace shekara. A rediyo an saba da kalmar, amma a bakin ƴar tsana gara a faɗi abin da aka gani: damana tana makara, ana binne iri ya ruɓe, a sake shuka sau biyu ko uku, ruwan wata guda ya zubo dare ɗaya.

Ta biyu ita ce ɗumamar yanayi, wadda aka fassaro daga réchauffement. Ɗumi a Hausa abu ne mai daɗi: ruwan ɗumi, jin ɗumi da hunturu, ɗumin uwa. A watan Afrilu na 2024 an auna zafi digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Ba Bahaushen da zai kira wannan ɗumi. Ƙaruwar zafi ta fi kusa da ma'ana.

Ta uku ita ce damuwar kanta. Hausa tana da kalmomi da yawa a nan, kuma ba ɗaya suke ba. Tsoro yana son abin da ake tsoro ya kasance sananne, kamar kura ko dogari. Firgita da razana na lokaci guda ne. Fargaba, wadda ta fito daga faɗuwar gaba, tana zuwa ne sa'ad da mugun abu ya kusa. Juyayi yana bin abin da ya riga ya faru. Zullumi kuwa tunani ne mai tsawo a kan abin da bai zo ba, wanda ba a san ko zai zo ba, yana hana barci ba tare da ya sa gudu ba. Shi ne halin maigida da ya dubi rumbu a watan bakwai ya dubi gabas. Don haka zullumin fari ko zullumin damana ya fi dacewa da duk wata fassara ta kai tsaye.

Amma ko da an sami kalmar, ba a ɗauko ma'anar Turai dungum ba. A cikin éco-anxiété akwai jin laifi, domin matashin Faransa ko Amurka ya san mota da jirgi da masana'antun ƙasarsa suna cikin sanadin. Hayaƙin kabon da ɗan Nijar yake fitarwa a shekara wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ɗaya ne, na ɗan Amurka kuwa ya haura tan goma. Majigin da ya ɗauko jin laifi ya ɗora wa mai saran icce na girki ya yi rashin adalci, ya kuma yi ƙarya. Haka nan, ga matashin Turai abin yana gaba. A nan kuwa an riga an ga irinsa har an raɗa masa suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1984 zuwa 1985 a Nijar ana ce mata El Buhari, saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi a lokacin. Al'ummar da take kiran yunwa da suna kamar mutum ta riga ta yi rabin aikin mai ƴan tsana, saura a ba sunan jiki.

Kada kuma a taƙaita zullumin ga fari kaɗai. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba. Mai gidan ƙasa yanzu yana zullumin rashin ruwa, yana kuma zullumin zuwansa.

6. Murya da mai sauraro

Ƴar tsana ba ta da leɓen da za a bi, saboda haka ana iya ɗora wa hoto ɗaya murya iri-iri ba tare da an ga saɓani ba: Hausar Maraɗi, ta Adar, ta Damagaram, ko Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci. Majigin mutane ba ya ba da wannan dama cikin sauƙi. Ba kuma dole ba ne a sa Faransanci a gaba. A 1974 Caroline Leaf ta yi wani gajeren majigi a Kanada da rairayi bisa gilashi, labarin mujiya da ta auri dinya, daga tatsuniyar mutanen Inuwit; muryoyin da harshensu suke, ba a fassara ba, kuma an gane shi a ko'ina. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, hujjar fara rubuta murya da Faransanci sannan a juya ta ta ƙara rauni. Maganar da aka juya tana da kamanninta: jimla mai tsawo, kalmomin ofis, ba karin magana, ba habaici. Mai sauraro yana gane ta tun jimlar farko, sai ya ɗauke ta sanarwar hukuma.

Game da ƙarshen labari, Toula ya nuna haɗarin barin mutane ba ƙofa, majigin wa'azi kuma yakan ƙare da umarni. Akwai hanya ta uku a tarihin ƙasar nan. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato barin tohon da ya fito daga kututture a gona, a rage shi, a kiyaye shi har ya zama icce. Aikin ya bazu zuwa Damagaram da Tawa, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, gawo yana cikin na gaba. Girman icce daga kututture yana ɗaukar shekaru, ɗan wasa ba zai jira shi ba. Mai ƴan tsana kuwa zai nuna shi cikin rabin minti da kara da ganye. Wannan ƙarshe bai ce fari ya ƙare ba, ya dai nuna abin da hannun manomi ya riga ya yi.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawara uku ga masu tsara aiki. Ta farko, a tattara daga bakin tsofaffi sunayen yunwa da fari da ambaliya na kowane yanki, da kalmomin da ake faɗin damuwa da su, a rubuta su da daidaitacciyar ƙa'ida kafin a rubuta labari. Ta biyu, a rubuta murya da Hausa tun farko, a gwada ta a cibiyar yaƙi da jahilci ba tare da hoto ba. In masu sauraro suka iya maimaita labarin da bakinsu, sannan a fara ƙira. Ta uku, a sa ɗalibai su ƙera ƴan tsanar su kuma rubuta jerin hotunan da hannunsu, domin lissafin hoto 12 a sakan ɗaya da rubuta abin da kwaɗo zai faɗa darasi ne na ƙidaya da na rubutu a lokaci guda.

Kayan da ake bukata su ne wayar salula mai kamara, fitila, ɗaki mai rufuwa, waya, ƙyalle da taɓon tabki. Ya kamata kuma a nemo kwafin Toula da Samba le grand da Kokoa a riƙa nuna su ga malaman da ake horarwa, domin su ga yadda ɗan ƙasarsu ya yi wannan aiki da kayan da suka fi nasu ƙaranci.